Sun Haɗe Ɗigon Baba

Gwaggo,

Ke da masu karanta filin nan, wa a cikinku ya taɓa buɗe famfo ya tsaya ya tambayi kansa ta ina ruwan nan ya biyo kafin ya iso kofinsa? Na san amsar. Ku sha, ku goge baki, ku wuce. To, mahaifina a kan wannan tambayar ya ƙarar da ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa da idanunsa, yau ga shi ana shirin taro a kan aikinsa babu sunansa a ciki. Ki taimake ni, don saura ƙiris in yi abin da gidanmu ba zai manta da shi ba, kuma kowa a gidan ya haɗe mini kai, har shi wanda nake yi dominsa.

Bari in fara da kaina, kada ki ce wani ɗan boko ne yake kumfar baki. Ni mai walda ne. Mun rabu da makaranta a ajin ƙarshe na sakandare, ranar da wani malami ya ce in yi shiru, bakina kuma ya ƙi. Abin da na sani na karatu a ɗakin Baba na tsince shi. In dawo daga shago hannu duk baƙin ƙarfe, in jawo littafi da ƙamus in yi ta dambe da su har ɗaya ya gaji. In kin ji rubutuna kamar na mai faɗa, haka nake magana. Umma ta ce ko gaisuwa na je yi sai a zaci sammaci na kawo.

Baba masanin duwatsu ne, ya yi aiki a wata cibiyar bincike har ya yi ritaya. Yankinmu yana zaune a kan irin dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti. Ruwan sama yana cin dutsen a hankali, shekaru bayan shekaru, har ƙarƙashin ƙasar ya zama kamar ruɓaɓɓen haƙori: waje lafiya, ciki kogo. Za ki ga rafi yana tafiya abinsa, sai kawai ya faɗa wani rami ya ɓace kamar an haɗiye shi. Littattafai suna da dogon suna ga irin ramin nan, amma Baba maƙogwaro yake ce masa. Can kuma a wani wuri mai nisa, bayan tsauni, sai ki ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. Aikin Baba shi ne ya gano wane maƙogwaro ne yake shayar da wace maɓuɓɓuga, ya zana a taswira, don a san inda za a haƙa rijiya da inda ba za a yarda wani ya zubar da shara ko ya gina masai ba.

Yadda ake ganowa ba wani sihiri ba ne. Ana zuba koren rini marar cutarwa a maƙogwaron, a je a ɗaɗɗaure ƙananan jakunkunan gawayi a duk maɓuɓɓugan da ake zato. Gawayi yana riƙe rinin ko da ya tsinke har ido ba ya ganinsa. Bayan wani lokaci a kwaso jakunkunan a kai ɗakin gwaji. Wadda ta kama kore, ita ce ta sha daga wancan ramin. Zuba, jira, kwaso. Mutum ya yi shekara talatin da wani abu yana wannan.

Abin da na fara sani na Baba hannunsa ne. Kore shar har wuyan hannu, sabulu ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya haƙura. Yaran layinmu ɗan mai koren hannu suke ce mini, kuma da yawansu sun san ɗanɗanon ƙasar layin saboda haka. Idan ya dawo daga daji, tun daga ƙofa za ka ji warin laka da na jemage, ga manyan takalman roba, ga hular kwano mai fitila a goshi, wadda ni da Yayata muke faɗa a kanta mu shiga ƙarƙashin gado da ita muna cewa mun shiga kogo. Ƙarƙashin gadon ma ba fili, duwatsu ne. Dutse a tagar kicin, dutse a tare ƙofar bayi, dutse a kan talabijin inda mutanen kirki suke ajiye fure. Kowanne da lamba a jikinsa da farin fenti, kuma kaiton wanda ya ɗauki ɗaya ya jefi kare.

Akwai wata ’yar kwalba ta asid a aljihun rigarsa. Sai ya ɗiga wa dutse ɗigo ɗaya, dutsen ya soma kumfa yana shiii, ya kai mini kusa da kunne ya ce in saurara, dutsen yana gaya mini sunansa. Na yi shekaru ina bin duwatsun layinmu da kunne, ban san sai da asid suke magana ba.

Wata rana jakunkunan cibiya suka ƙare, Baba ya dubi labulen falonmu mai raga-raga ya ga ruwa zai ratsa shi da kyau. Umma ta dawo daga kasuwa ta tarar labulenta ya zama ɗan kanti, bai kai rabin taga ba. Ta yi kwanaki in za ta yi masa magana sai ta ce da ni in gaya wa Sarkin Rami abinci ya sauka. Daga baya ita da kanta ta koma ɗinka masa jakunkunan a kekenta, wai gara ta ɗinka da hannunta da a wayi gari gidan duk ba labule. Har yau in ta ga yadi mai raga a kasuwa sai ta shafa shi ta ce wannan zai riƙe gawayi.

Sai teburin. An saye shi don cin abinci, amma har na girma ban taɓa ganin cokali a kansa ba. Taswira ce shimfiɗe, an danne kusurwowinta da duwatsu, mu kuma muna ƙasa da farantanmu muna kallon ƙafafun Baba. Doka ɗaya ce a falon: kada a kusanci teburin da ruwa. Mutumin da yake shiga kogo ruwa har ƙirji, babu abin da yake tsoro a duniya kamar kofi a hannun yaro. Ina iya jin ƙarar alƙalamin zanensa a kan takardar har yanzu, da warin tawada haɗe da na shayin da yake mantawa a kan taga har ya huce.

A taswirar layi iri biyu ne, kuma a nan nake so ki natsu. Cikakken layi yana nufin an zuba rini a nan, ya fito a can, an gani, an tabbatar. Layi mai ɗigo-ɗigo yana nufin ina zato, amma ban gani ba. Baba yana iya yafe wa ɗalibi latti, ya yafe masa ɓatar da guduma, amma ba ya yafe wa wanda ya ja cikakken layi a inda rini bai fito ba. Har ɗalibansa suka sa masa Malam Ɗigo-ɗigo, suna zaton bai sani ba. A gida ma bai bar mu ba. Ka zo da labarin wane ya yi kaza, sai ya ɗago kai ya tambaye ka wannan layi ne ko ɗigo. Umma ce kaɗai ta iya rama mana. In zai tafi daji ya ce ranar kaza zai dawo, sai ta ce da mu, yara ku rubuta da ɗigo.

Duk ɗigogin taswirarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da yawancinsu layi, wasu kuma ya goge su da rini ya ƙaryata shi. Akwai guda da ya gagare shi. Wani babban maƙogwaro ne a bayan tsohon wurin fasa dutse. Baba yana da ƙarfin zaton shi ne yake shayar da babbar maɓuɓɓugar da ake jawo ruwan garinmu daga ita. Ya zuba rini, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta tsinke igiyoyin ta tafi da jakunkunan har da turakun da ya kafa. Ya sake zubawa, aka shiga fari, rinin ya kwanta a wani wuri a cikin ƙasa bai fito ba. Da ya shirya gwadawa kuma, aka ce motar cibiya tana da wani aikin da ya fi wannan. Haka ya yi ritaya da ɗigonsa, da ’yar alamar tambaya a gefe. Yakan ce in ba can ruwan yake zuwa ba, to wasu mutane ne a wani wuri suke shan duk abin da aka zuba a ramin nan, ba su sani ba, shi ma bai san su ba. Yanzu gwiwoyinsa ba sa hawa ko matattakala sai da riƙo, ido ɗaya ya yi hazo. Amma da zarar hadari ya haɗu zai fito baranda ya shaƙi iska ya ce yau da an zuba.

Yanzu ga mutumin. Cikin ɗaliban Baba akwai wani da ni nake kira Ɗan Gaban Goshi. A gidanmu ya ci, a gidanmu ya yi wanka, Umma ta sha ɗinke masa aljihun wando. Shi kaɗai aka yarda ya zauna a teburin nan, har kofin shayi na taɓa gani a hannunsa a wurin, Baba bai ce uffan ba. Ranar da Baba ya yi ritaya ya ɗauki alƙalamin zanensa ya ba shi, ina tsaye a bakin ƙofa. Yau shi ne daraktan cibiyar. Rabonsa da gidanmu tun yana da gashi a kai.

Cibiyar ta ɗora tsoffin taswirori a kwamfuta, ta fitar da sabuwa mai launi, za a yi taron ƙaddamarwa wata mai zuwa. Aka aiko wa Baba katin gayyata da kwafin taswirar. Ba shi ya kawo ba, direba ya aiko. Baba ya yi murna kamar yaro, ya sa Umma ta goge teburin, ya shimfiɗa, ya danne da duwatsunsa, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya soma bin layukan da yatsa yana kiran kowane rami kamar mai gaida tsoffin abokai. Ni kuwa ƙasan takardar na duba. Ga sunan darakta, ga na masu kwamfuta, ga tambarin waɗanda suka ɗauki nauyi, har wanda ya zaɓi launi an ambace shi. Sunan mutumin da ya shiga kogunan babu.

Ina shirin buɗe baki sai na ga yatsan Baba ya tsaya a bayan wurin fasa dutse. Ya daɗe a nan. Sai ya ce, a hankali, sun haɗe. Na leƙa, ɗigon nan nasa ya zama cikakken layi, shuɗi, mai kauri, ya miƙe sak zuwa babbar maɓuɓɓuga, alamar tambayar ta ɓace. Na ce masa wannan ai ƙarami ne, ya dubi ƙasa ya ga ko sunansa ba su sa ba. Ya duba. Ya ce gara da ba su sa ba. Ya naɗe takardar, ya kwashe duwatsun, ya shige ɗaki.

Gwaggo, kin san irin zafin da zai sa dattijo ya ce gara da ba a sa sunansa a aikin rayuwarsa ba? Tun ranar bai koma teburin ba. Umma ta ga teburin ya zauna fili, ta jera mana abinci a kai, karon farko tun da aka haife ni. Muka zauna a kan kujeru kamar baƙi. Babu wanda ya iya cin rabin farantinsa. Washegari muka koma ƙasa.

Na je cibiyar da kaina. Maigadi ya kalli takalmina kafin ya kalli fuskata. Sakatariya ta ce darakta ya yi tafiya, alhali ga motarsa a inuwa tana hutawa. A matattakala na ci karo da wani matashi daga ɗakin kwamfuta, na tare shi na tambaye shi wa ya haɗe layin. Ba shi da mugunta, har dariya ya yi. Wai takardar ta tsufa, sun zaci tawada ce ta koɗe, sai suka gyara. Gyara, Gwaggo. Mutum ya yi rabin rayuwarsa yana ƙin jan layin nan, yaro ya ja shi da yatsa ɗaya yana cin gyaɗa.

Na dawo gida na faɗa musu shirina. Zan raka Baba taron, in bari a gama tafi da jawabai, in miƙe in karɓi makirfo in tambayi Ɗan Gaban Goshi a gaban manyan baƙinsa a teburin wa ya koyi riƙe alƙalami, kuma me ya sa ya cire sunan mai teburin da gangan. Umma ta ce in tuna hawan jinin mahaifina. Yayata ta bugo waya daga gidanta ta ce ƙanena, ba sunan Baba ne yake cin ranka ba, alƙalamin nan ne, tun ranar ba ka huce ba. Na kashe wayar. Ba don ƙarya ta yi ba, don ba a tambaye ta ba.

Baba ne ya gama da ni. Ya bar ni na zuba har na gaji, sannan ya tambaye ni, wannan da gangan ɗin da nake ta faɗa, layi ne ko ɗigo? Na zuba rini na ga ya fito? Ya ce in na buɗe baki a ɗakin taron nan, shi ba zai kore ni ba, ba zai zage ni ba. Zai miƙe ne a kan gwiwoyin nan nasa, ya taka har gaban darakta, ya ba shi haƙuri a madadina kowa yana kallo. Kuma na san shi, wannan ba ɗigo ba ne.

To ki gaya mini. In na yi shiru, an binne shi da ransa ana tafi. In na yi magana, ni zan sa shi ya rusuna wa yaron da ya koya wa ɗaure igiya. Ina son tsohon nan fiye da yadda bakina ya iya faɗa, ban taɓa gaya masa ba, ban kuma san ta inda ake farawa ba. Abin da na iya shi ne faɗa, shi nake so in ba shi, ya ce ba ya so.

Tunda an hana ni ɗakin taro, ga fili nan. Ranka ya daɗe darakta, na san ana kai maka jaridar nan ofis. Ka fito nan inda kowa zai gani ka amsa: ina sunan malaminka, kuma ranar wace ce rinin ya fito da har ka ja layi?

Ɗan Mai Koren Hannu

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko ina dariyar labulen Umma, na biyu ban yi dariya ba. Na cire sunan cibiyar da na garin da ka rubuto, don ban ji ta bakinsu ba tukuna. Tambayarka kuwa na bar ta yadda ka yi ta, wanda ake nufi zai gane kansa.

Ka yi gaskiya a kan sunan. Wanda ya shiga kogo ya auna, ya jira, ya zana, haƙƙinsa ne a ambace shi, ba alfarma ba ce. Aiko direba ga malamin da ka ci abinci a gidansa kuma rashin kyautawa ne, kome yawan aikin ofis. Ba zan ce maka ka haɗiye wannan ba.

Amma ka ji ɗaya ɓangaren. Kai da kanka ka gano cewa wani matashi ne ya haɗe layin cikin rashin sani. Hannun da ya ɗauki ɗigo a matsayin koɗaɗɗiyar tawada zai iya barin suna a baya ba tare da an umarce shi ba. Mai yiwuwa darakta ya sa hannu a kan abin da bai duba da kyau ba. Wannan laifi ne, kuma a wuyansa yake, amma sakaci daban, cin amana daban. Ba ka san wanne ba ne. Babanka ya tambaye ka layi ne ko ɗigo, ba ka ba shi amsa ba, ni ma ba ka ba ni ba.

Yanzu ga abin da nake ganin ya wuce ka, duk da kai ka rubuta shi. Ka ɗauka zafin rai ne ya sa Baba ya ce gara da ba su sa sunansa ba. Ni ina ganin abin da ya faɗa shi yake nufi, kalma da kalma. Taswirar ta ce an tabbatar da abin da shi ya san ba a tabbatar ba. Mutum irinsa zai fi son a manta da shi da a liƙa sunansa a ƙarƙashin wannan layin. Koma ka karanta wasiƙarka. Yatsansa a ina ya tsaya? Ba a ƙasan takarda ba. Ya ce sun haɗe, kai ka ce masa wannan ƙarami ne. Ina jin wannan kalmar taka ta yi masa ciwo kusan kamar layin, don a duk gidan kai ne ka karanta littattafansa, kai ya kamata ka fara ganewa. Muddin layin nan yana cike, babu wanda zai sake zuba rini a ramin, an rufe tambayar. In kuma zatonsa kuskure ne, mutanen nan da yake tunawa, waɗanda bai san su ba, an shafe su daga lissafi. Wannan ne ya tashe shi daga teburinsa.

Maganar Yayarka ba zan tsawaita ba. Ta faɗi gaskiya, kai ma ka amsa. Ba abin kunya ba ne ɗa ya so a ba shi abin da aka ba wani. Sai dai kada ka ɗauki wannan ciwon ka shiga da shi ɗakin taro da rigar kare mutuncin Baba.

Ga shawarata. Kada ka karɓi makirfo. Babanka ya gaya maka abin da zai yi, kuma hoton da zai zauna a idon mutane ba na jarumin ɗa ba ne, na dattijo ne yana ba da haƙuri. Ba za ka yafe wa kanka ba.

Maimakon haka, ka shiga ɗakinsa ka ce masa ka gane layin ba ƙarami ba ne. Ka fara da wannan, ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana. Sannan ka nemi ya kira ɗalibinsa da kansa ya ce yana son ganinsa kafin taron. Sakatariya tana iya tare mai walda a ƙofa, da wuya ta tare kiran malamin maigidanta. Ku je tare da tsohuwar taswirar ta asali, a shimfiɗa ta kusa da sabuwar. Baba ya yi maganar layin, a mayar da shi ɗigo da alamar tambayarsa kafin a raba wa jama’a. In an gama wannan, kai ka yi maganar sunan, a jimla biyu, muryarka a ƙasa. Wanda ya yarda ya gyara layi ba zai ƙi ƙara suna ba, kuma a lokacin Baba zai so a sa. Yadda darakta ya karɓe ku shi ne rininka. A nan za ka ga inda ya fito.

Abu na ƙarshe ku roƙa a sake gwajin nan. In cibiya ta ce ba mota, ba ma’aikata, ku ce izini da rini da ɗakin gwaji kawai kuke nema. Ka ce mini ambaliya ce ta tafi da jakunkunan saboda igiya da turke aka yi amfani da su. Ɗana, mai walda ne kai. Ka ƙera ƙananan kejin ƙarfe da za a ɗaure a jikin dutse da noti, waɗanda ruwa zai ratsa amma ba zai ɗauke ba. Umma ta ɗinka jakunkuna, kai ka zama gwiwoyin Baba, shi ya zauna a mota ya nuna maka wurare. An ba wani alƙalami, gaskiya ne. Amma alƙalami ba ya jan layin nan sai wani ya fara shiga ruwa.

In kun je an wulaƙanta ku, ko an ƙi gyarawa, ka sake rubuto mini, kuma a lokacin zan nemi jin ta bakinsu da suna. Shi ma darakta filin nan a buɗe yake gare shi, ina ganin ya fi masa kyau ya riga ku kira.

Ka gaida Umma, ka kira Yayarka ka ba ta haƙurin kashe waya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanyaya maka zuciya ba tare da ya rage maka kaifi ba. In hadari ya haɗu bana ya fito baranda ya ce yau da an zuba, ina fatan ka ce masa tashi mu je. Allah ya sa ka dawo gida da koren hannu.

Gwaggonku